Farashin Man Ja Yana Somawa Daga Saiwar Kwakwa

Sahuda, Mubi — Kwakwar man ja tana buƙatar ruwan sama kimanin milimita 2,000 a shekara, abin da Sahuda, a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, ba ta samun fiye da rabinsa. Sai dai a kawo man daga Kudu, saboda haka duk abin da ya taɓa gonakin can yana taɓa jarin ɗan kasuwar nan.

Yawancin ƙananan saiwoyin da itacen ke ci da su ba su wuce zurfin santimita 60 ba. Sinadarin fosfaras ne ke yaɗa su. Fotash kuwa yana barin gona tare da kowane kan kwakwa da aka sare, kuma in ba a mayar da shi ta hanyar taki ko busassun ganye ba, amfani yana raguwa.

Wahalar ita ce, ba a ganin illar nan take. Manomin da ya tsuke hannu wajen taki bana, sai bayan shekara biyu zai ga 'ya'ya sun ragu. Dillalin da ke ba da kuɗi kafin kaka, ya kamata ya tambayi yaushe aka zuba wa gonar taki.