Igiyar Kashe Inji da Rigar Ruwa: Kayan Tsira Biyu da Ake Ɗaurawa Tun a Gaɓa

Ƙaramin jirgin ruwa mai inji a bayansa ba shi da birki, kuma ba ya tsayawa don matuƙinsa ya faɗa ruwa, domin muddin mai yana isa ga inji, wuta kuma tana isa ga fulogi, farfela za ta ci gaba da juyawa ko da babu kowa a kan mariƙi. Wannan ne ya sa masu ƙera injinan jirage irin su Yamaha da Suzuki da Mercury suke haɗa injin da wata 'yar igiya, yawanci ja, mai murɗe-murɗe, wadda ake maƙala kanta ɗaya a jikin makunnin kashe inji, ɗaya kan kuma a jikin matuƙi. Ita da rigar ruwa, wato rigar nan da ke hana mutum nutsewa, an yi su ne domin lokaci guda, lokacin da mutum ya tsinci kansa cikin ruwa ba shiri: igiyar tana tsayar da jirgin, rigar kuma tana riƙe mutumin a saman ruwa har taimako ya iso.

Yadda igiyar take aiki ba shi da wuyar fahimta. A jikin mariƙin inji, ko kusa da makulli a jiragen da ke da sitiyari, akwai wani maɓalli mai sifirin a ciki, wanda a kullum sifirin ɗin yake ƙoƙarin mayar da shi wurin da zai yanke wuta. A kan igiyar akwai 'yar roba mai baki biyu da ake cusawa ƙarƙashin maɓallin ta tokare shi, kuma sai tana nan injin yake tashi. Da zarar matuƙi ya yi nisa da mazauninsa fiye da tsawon igiyar, robar za ta fizge, maɓallin ya koma, wutar fulogi ta ɗauke, injin ya mutu nan take. Ba ta buƙatar batir, ba ta buƙatar matuƙi ya tuna da komai a cikin firgici, abin da kawai take buƙata shi ne a ɗaura ta tun kafin a tashi.

Abin da ke faruwa idan ba a ɗaura ta ba shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, saboda mutane da yawa suna zaton jirgin da ya rasa matuƙi zai miƙe ne ya tafi abinsa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba. Farfela tana juyawa ta gefe ɗaya, ƙarfin juyin nan kuma yana tura injin ya karkace, kuma hannun matuƙi ne yake danne wannan karkata a duk tsawon tafiya ba tare da shi kansa ya lura ba. Idan hannun ya saki, injin yakan kwanta gefe gaba ɗaya, jirgin ya shiga kewaya wuri ɗaya da cikakken gudu, kuma kewayen nan yakan bi ta daidai wurin da mutumin ya faɗa. Masu aikin ceto a Amurka suna kiran wannan da kewayen mutuwa. Farfela mai fiffike uku da ke juyi 3,200 a minti ɗaya tana iya sara sau 160 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma babu gwanin iyo da zai iya kauce wa jirgin da ke dawowa kansa akai-akai, ballantana wanda ya bugu da kai kafin ya faɗa.

Haɗarin da ya farkar da mutanen Birtaniya game da wannan lamari ya auku a ranar 5 ga Mayu, 2013, a mashigin kogin Camel da ke kusa da garin Padstow a kudu maso yammacin Ingila, inda wani jirgin shaƙatawa mai gudu ya watsar da iyali guda na mutum shida a lokacin da aka karya kwana da ƙarfi. Jirgin ya yi ta kewayawa a kansu, uban da 'yarsa mai shekara 8 suka rasu, uwar ta rasa ƙafa, wani ƙaramin yaro kuma ya ji mummunan rauni, kuma jirgin bai tsaya ba sai da wani ma'aikacin jirgi na yankin ya yi kasada ya dira cikinsa ya kashe injin. Binciken hukuma ya gano cewa igiyar tana cikin jirgin, amma ba a ɗaure take a jikin mai tuƙi ba. Mutanen suna sanye da rigunan ruwa, abin da ke nuna cewa riga tana maganin nutsewa ne, ba ta maganin farfela.

A Amurka an mayar da batun doka. Tun daga farkon shekarar 2020 aka wajabta wa masu ƙera jiragen shaƙatawa da tsawonsu bai kai ƙafa 26 ba, wato kusan mita 8, su sa musu makunnin kashe inji, sannan daga ranar 1 ga Afrilu, 2021, dokar tarayya ta wajabta wa matuƙin irin wannan jirgi ya haɗa makunnin da jikinsa duk lokacin da jirgin yake gudu, in ban da lokacin da ake lallaɓawa a tasha ko kuma wurin tuƙin yana cikin rufaffen ɗaki. A shekarar 2021 iyakar tarar karon farko dala 100 ce, ta biyu 250, ta uku 500. Dokar ta yarda da sabon salo marar igiya, wanda matuƙi yake rataya 'yar na'ura a wuya ko a hannu, injin ya mutu idan na'urar ta shiga ruwa ko ta yi nisa, sai dai tsadarsa ta sa har yanzu jar igiya ce ta fi yawa.

Kuskuren da aka fi yi, a ko'ina ake tuƙa irin wannan inji, shi ne a cusa robar a maɓalli domin injin ya tashi, sannan a naɗe sauran igiyar a jikin mariƙi don kada ta dami matuƙi, wanda hakan daidai yake da babu ita. Wasu kuma idan robar ta ɓata sai su tokare maɓallin da waya ko tsinke. Wurin ɗaura ta shi ne cinya, sama da gwiwa, ko jikin rigar ruwa, ko wuyan hannu ga mai tuƙi da mariƙi, matuƙar ba za ta zame ba. Ana gwada ta ne ta hanyar tayar da inji a gaɓa a fizge ta a ga ko ya mutu, kuma idan rana ta cinye ta har murɗinta ya saki, ko ta fara tsattsagewa, lokacin sauya ta ya yi. Wajibi ne kuma a ajiye ta biyu a cikin jirgi, a nuna wa wani wurin da take, domin idan matuƙi ya faɗa ruwa da tasa a jiki, waɗanda suka rage ba su da hanyar tayar da inji su koma su ɗauko shi.

Ita kuwa rigar ruwa, alƙaluman rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka sun isa hujja a kanta. A shekarar 2023 mutum 564 ne suka mutu a haɗuran jiragen shaƙatawa a ƙasar, kuma a inda aka san musabbabin mutuwar, kashi 75 cikin ɗari nutsewa suka yi, kashi 87 cikin ɗari na waɗanda suka nutse ɗin kuma ba su sanye da riga. Dabarar rigar ba baƙuwa ba ce ga mutanen bakin kogi, domin masuntan Argungu sun daɗe suna kifa ciki a kan ƙaton gora su yi yawo a saman ruwa. Bambancin shi ne gora sai an riƙe shi, riga kuwa ita ce take riƙe mutum, ko da ya suma.

Ba kowace riga ce take yin wannan ba. Ma'aunin ƙasa da ƙasa ya kasa rigunan gida huɗu gwargwadon ƙarfin ɗagawarsu, ana rubuta lambar a jikinsu: 50, 100, 150 da 275. Mai lamba 50 taimako ce kawai ga wanda ya iya iyo kuma yake kusa da gaɓa, ba ta juya wanda ya suma, alhali mai lamba 150 an yi ta ne ta juya mutum rigingine, fuskarsa ta fito daga ruwa. Akwai mai soso a ciki, wadda ba ta buƙatar komai sai a sa, akwai kuma mai kumbura da iskar gas daga 'yar kwalba, wadda ta fi daɗin sawa a lokacin zafi amma take buƙatar dubawa a kai a kai, don haka mai soso ta fi dacewa da jirgin haya. Girman riga yana da muhimmanci ƙwarai. Idan aka sa wa yaro riga aka ɗaure, sai a kama kafaɗunta a ɗaga sama. In ta haura ta rufe masa haɓa da kunnuwa, to a cikin ruwa ma haka za ta yi, ko ma ta fice ta kansa ta bar shi, shi ya sa rigunan yara suke da maɗauri da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Rigar da aka mayar matashin zama kuwa sosonta yakan danƙare ya rasa ƙarfinsa, ko da kuwa a ido tana nan kamar sabuwa.

A kogin Neja da tafkin Kainji da madatsun ruwa na Arewacin Nijeriya, inda kwale-kwale mai inji yake zaman motar kasuwa ga ƙauyuka masu yawa, gaskiyar magana ita ce manyan haɗuran ba daga rashin igiya suke tasowa ba. Jirgin da ya nutse kusa da Wara a jihar Kebbi a watan Mayun 2021 yana ɗauke da mutum fiye da 150, kuma 'yan kaɗan ne suka tsira. A watan Nuwamban wannan shekarar aƙalla mutum 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, suka rasu a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, sannan a watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki cikin dare suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara. Lodin da ya wuce kima, da tafiyar dare, da tsufan katako, da kututturan da ke ɓoye ƙarƙashin ruwa, su ne suke kifar da waɗannan jirage, kuma igiya ba ta da abin da za ta yi a kansu. Riga ma ba ta hana jirgi kifewa, amma ita ce take yanke yawan gawarwakin da za a tsamo, musamman da yake akasarin fasinjojin mata ne da yara, da maza masu manyan riguna waɗanda tufafinsu suke naɗe musu hannu da ƙafa da zarar sun jiƙe. Gwanin iyo kansa ba shi da tabbas a irin wannan hali, domin wanda ke nutsewa yakan ƙanƙame duk wanda hannunsa ya kai gare shi.

Duk da haka igiyar tana da gurbinta a waɗannan ruwaye, domin matuƙin kwale-kwale yakan zauna ne a can ƙarshen jirgi, wani lokaci ma a tsaye, inda karo da kututture ko yashi zai iya wurgar da shi ya bar jirgi cike da mutane yana gudu ba mai riƙe da shi, kuma masunci da ke fita shi kaɗai ba shi da wanda zai kashe masa inji.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta wajabta sa riga ga kowane fasinja, ta kuma hana tafiyar dare, gwamnatoci suna rabon riguna lokaci zuwa lokaci, amma jami'an hukuma ba za su iya tsayawa a kowane mashigi ba. Waɗanda ke nan kullum su ne Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiyar matuƙa, kuma su ne suke da ikon hana jirgi barin gaɓa har sai an ƙirga riguna daidai da kawuna, kowa ya sa tasa ya ɗaure, an kuma ga jar igiya a jikin matuƙi. Fasinjan da ya biya kuɗinsa ma yana da haƙƙin ya nemi riga kafin ya taka jirgi, in babu kuma ya jira na gaba.