Idan Yaro Ya Faɗa Shaye-shaye a Jami'a

Yau hirar tamu da ke ce, wadda kika ƙulla wa ɗanki ko 'yarki yaji da ƙuli-ƙuli, kika rako shi bakin zaure da addu'a, ya tafi jami'a. Ba ki ƙara sa shi a ido sai an yi hutu. To idan ya faɗa shaye-shaye a can, me makaranta za ta yi masa, kuma ke mene ne naki?

Kada ki ce abin na 'ya'yan wasu ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda, kuma cikin kowane huɗu, ɗaya mace ce. A shekarar ce kuma gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi a cikin gida. Giya da wiwi wari ke tona su, amma kodin a kwalbar lemo ake zuba shi, tiramol kuwa ƙwaya ce kamar ta ciwon kai.

Jami'a dai tana da doka. Akwai littafin dokoki da ake ba sabon ɗalibi, wanda a ciki shan kayan maye ko ajiye su a ɗakin kwanan ɗalibai babban laifi ne. Wanda aka kama, gaban kwamitin ladabtarwa ake kai shi ya kare kansa. Ana iya dakatar da shi zango ɗaya ko biyu, ko a kore shi baki ɗaya. Mai sayarwa kuwa, shi da hukumar NDLEA. A 2025 ma ministan ilimi da shugaban hukumar, Buba Marwa, sun amince a riƙa yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin ƙwaya.

Amma fa ba hukunci kaɗai ke can ba, kuma nan ne iyaye da yawa ba su sani ba. Akwai ofishin kula da harkokin ɗalibai, akwai masu ba da shawara, akwai asibitin jami'a. Idan abin ya yi nisa, likita na iya tura yaro asibitin ƙwaƙwalwa, irin na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Dawanau a Kano. Da takardar likita kuma ana iya neman a ɗage masa karatu, ya koma idan ya warke. Kin ga ke nan wanda aka kai tun da wuri a majinyaci za a karɓe shi, ba a mai laifi ba.

Saboda haka idan ya zo hutu ki sa ido: barcin rana da ya wuce kima, magana a ja-ja, rama, yawan neman kuɗi, ɓoye sakamakon jarabawa. Tiramol idan ya yi yawa yakan kayar da mutum kamar mai farfaɗiya, sai a ce iska ce. Ki ja shi ɗaki ku biyu, ki tambaye shi da lallami, ban da tsinuwa. Kada ki ɓoye wa maigida don tsoron surutun kishiya ko dangi, domin ɓoyon nan shi ke kai yaro ga kora. Ko ba ki fita, ki sa mahaifinsa ko kawunsa ya je makarantar da kansa. Kuma don Allah a guji kai shi inda za a sa masa mari. Mun ga halin da aka tarar da ɗaruruwan mutane ciki a Rigasa da Daura a 2019. A haɗa addu'a da asibiti.

Allah ya shirya mana zuri'a.