Tiyar Awon Mutane

Duk wanda ya saba cin kasuwar Abala ya san tiya. Mai hatsi zai cika ta har ta yi tozo, in ta gaza mai saye ya ce a ƙara. To, ba gero kaɗai ake yi wa wannan awo ba. Kowace al'umma tana da tiyar da take auna 'ya'yanta, kuma masu ƙaga labari sun daɗe da gano haka.

A 1972 Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin iyayen silima a Nijar, ya fito da fim ɗinsa FVVA, wato mace, gida, mota da kuɗi. Tiyar birni ke nan bayan samun 'yancin kai. Ali, tauraron labarin, ƙaramin ma'aikaci ne, albashinsa rabin tiya, amma dangi da abokai tozo suke jira su gani. Ga aure, ga sutura, ga fita kunyar jama'a. Sai ya yi abin da mai hatsi marar tsoron Allah yake yi in buhu ya kusa ƙarewa, ya cike da ƙaiƙayi. Ya sa hannu a kuɗin da ba nasa ba, ya ƙare a gidan kaso, masu cewa ya ƙara kuwa kowa ya kama gabansa.

Can ƙasar Japan ma tiyar na nan, ƙirar ce ta bambanta. A 2016 Sayaka Murata ta rubuta Konbini Ningen, littafin da ya ci lambar yabo ta Akutagawa. Kantin da ke cikin labarin kamar na mai tebur ne a bakin tasha, sai dai ba a rufe shi dare da rana. Keiko, tauraruwar labarin, tana da shekara 36, rabinsu a kantin ta yi su. Ta san abin da masu saye za su nema tun kafin su buɗe baki, kamar yadda mai fura ta san ranar zafi sai ta ƙara dawo. Ba ta ci kuɗin kowa ba, hankalinta kwance, amma ƙawaye da dangi sun hana ta sakat saboda ba miji, ba babban aiki. Da ta gaji, ta ajiye wani malalacin namiji a ɗakinta, nan take kowa ya hau murna. Sun ga tozo, ba wanda ya tura hannu ya duba abin da ke ƙasa.

Mu ma a Kurfai muna da tamu. Da an kai hatsi rumbu, saurayi ya kama hanyar bida, Yamai ko Ikko ko Abijan ko Libiya, ya dawo da babur da kuɗin aure. Wanda ya zauna yana noman rani a Dallol ko yana ɗinki, sai a kira shi rago. Yarinyar da ta daɗe a lakwal kuwa, kowace gwaggo tambayarta ɗaya: yaushe za mu sha biki?

Aure sunna ne, neman na kai wajibi, tiya kuma ita ke hana cuta a ciniki. Amma kasuwar ta fi mu hikima. Nono da ludayi ake auna shi, yadi da kamu, tattasai kashi-kashi ake kasa shi, raƙumi kuwa dillali ke duba haƙoransa ya ga tafiyarsa. Ba wanda ya taɓa raina raƙumi don bai shiga tiya ba.

Iyaye, kafin a yanke wa yaro hukunci, a tambayi abu uku. Sana'arsa halal ce? Tana amfanar mutane? Ta rufa masa asiri? In haka ne, a sa masa albarka, sauran a bar wa lokaci. Matsi ne ya kai Ali kaso, kuma irin wannan matsin ne yake tura samarinmu cikin hamada ba shiri.