TARIN DA BA YA JIN MAGANI

Yau a kan tarin fuka zan ja hankalinku, wanda 'yan asibiti ke kira tibi.

A nan garinmu Illela, tsakaninmu da Birnin Ƙwanni ta Nijar tafiyar 'yan mintoci ce, ga auratayya, ga cin kasuwa. Sai ki ga yarinya ta fara shan magani a nan, wata biyu tari ya lafa, an ɗaura mata aure a tsallake, ta tare, ta bar katin asibiti a ɗakin uwarta. Wata kuwa kunya ce, wai kada saurayi ya ji ya gudu, sai ta aika ƙanenta kemis a sayo mata kafso a ɓoye.

To, ga inda gizo ke saƙa. Maganin tibi wata 6 ake sha ba fashi, kuma kyauta ne a asibitin gwamnati. In kika yanke, raunanan ƙwayoyin cutar ne kawai suka mutu. Masu taurin kai za su hayayyafa, har rifampicin da isoniazid, manyan magungunan biyu, su daina yi musu komai. Kuma duk wanda kika yi wa tari a ɗaki, mijinki ne ko jaririnki, wannan mai taurin zai ɗauka.

A da, mai irin wannan tari sai ya yi wata 18 zuwa 24 yana shan magani, ga allurai wata da watanni, wasu har su kurumce. Alhamdu lillahi, a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert, wadda cikin kamar awa 2 take gano cutar a kaki, ta kuma nuna ko tana jin rifampicin. A 2022 kuma ta amince da haɗin ƙwayoyi huɗu na wata 6, babu allura. Sai dai ba a ba mai ciki, mai shayarwa, ko yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba, su nasu daban ne. Don haka kada ki ɓoye wa likita juna biyu.

Ke dai in tari ya kai sati 2, ga rama, ga zufar dare, ki ce wa Inna ta raka ki a auna kakinki. In fitsari ya yi ja bayan fara magani, kada ki tsorata, aikin rifampicin ne. In kuma tafiya ta kama ki zuwa Ƙwanni ko Sakkwato, ki karɓi takardar ci gaba da magani kafin ki hau mota.

Saurayin da zai guje ki don ciwon da ake warkewa, wallahi gara ya gudu tun kafin lefe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.