Cunkoson Da Mu Direbobi Muke Haifarwa

Sau nawa ka shafe rabin sa'a kana jan ciki a titi, kana zaton tirela ce ta faɗi a gaba, da ka isa wurin sai ka ga wayam? Ba haɗari, ba shingen bincike. To me ya tare ku?

A 2008 wasu masana a Japan, ƙarƙashin Yuki Sugiyama na Jami'ar Nagoya, suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun jera motoci 22 a da'ira mai tsawon mita 230, suka ce kowa ya riƙe gudun kilomita 30 a sa'a. Ba danja, ba rami. Ba a jima ba sai ga motoci sun tsaya cak. Wani ne ya ɗan matse na gabansa ya taɓa birki, na bayansa ya taka fiye da shi, na bayan wannan ya ƙara, har aka kai ga wanda dole ya tsaya. Cunkoson kuma baya yake tafiya, kusan kilomita 20 a sa'a, wanda ya haddasa shi tuni ya yi gaba bai ma sani ba.

Lissafin ba wuya. Motocin da titi ke fitarwa a sa'a su ne gudunsu sau yawansu a kowace kilomita. Tun 1935 Bruce Greenshields ya nuna a Amurka cewa in motoci suka ƙaru, gudu raguwa yake. A ce motoci 25 ne a kilomita guda suna gudun 80, layin zai fitar da 2,000 a sa'a. Cusa 100 a wurin, gudu ya faɗo 10, sai 1,000 kacal. Titi ya cika maƙil, amma rabin aikinsa yake yi. Shi ya sa tun 1995 ake rage wa direbobi gudu a babbar hanyar M25 ta Landan in ta fara cika, don kowa ya isa da wuri.

Mu kuwa a nan, mai adaidaita sahu ya ci birki a bakin shataletale don fasinja ɗaya, wani ya bi wan-we ya buɗe layi na uku inda titin biyu yake ɗauka. Duk can gaba za a matse, kuma hon ba ya faɗaɗa kwalta.

Malam direba, bar ratar daƙiƙa biyu aƙalla tsakaninka da na gaba, ka ƙara in ana ruwa. In ka hangi jar wutar na gaba daga nesa, ɗaga ƙafa daga totur tun da wuri, kada ka jira sai ka ƙure masa. Tsaya a layinka, sauke fasinja kuma sai ka wuce mahaɗa.