Inda Ake Karɓar Inshorar Lafiya ta Gwamnati a Garuwa

A Kamaru babu wani kati guda da mutum zai nuna a kowane asibiti a duba shi kyauta. Abin da ke akwai shi ne shirin kiwon lafiya ga kowa, wanda ake kira CSU. Ministan lafiya Manaouda Malachie ne ya ƙaddamar da kashinsa na farko a watan Afrilun 2023, kuma bai ɗauki kowa da kowa ba tukuna. Ya fi mayar da hankali kan mata masu juna biyu, yara 'yan ƙasa da shekara 5, masu HIV, masu tarin fuka da masu wankin ƙoda. Magidanci mai hawan jini, misali, har yanzu da aljihunsa zai biya. Ma'aikacin da ake cire wa kuɗin CNPS ma kada ya ɗauka ya tsira, domin wannan asusu na fansho ne da kuɗin iyali da hatsarin wurin aiki, ba ya biyan jinyar yau da kullum.

To, ina za a fara? Ba daga babban asibitin yanki ba. A fara da ƙaramin asibitin unguwa, wanda allon ƙofarsa ke ɗauke da haruffan CSI. Sama da shi akwai asibitin CMA, sannan asibitin gunduma, sannan na yanki. Ko a Rumde Ajiya kike ko Fulɓere cikin Garuwa, ko can Pitowa, Lagdo ko Gidar, unguwarku tana ƙarƙashin wata gundumar lafiya. Mai unguwa ko ma'aikacin lafiyar al'umma, wanda ke zagawa gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da damina, zai faɗa miki CSI ɗin da ke kula da ku.

Ga mai ciki, abin nema shi ne Chèque Santé, wato shek, takardar da yankunan Arewa, Arewa Mai Nisa da Adamawa suka riga sauran ƙasar saninta, da tallafin Faransa da Jamus. Kuɗinta sefa 6,000, wato jaka shida. Da ita ake awon ciki, gwaje-gwaje, hoton ciki da haihuwa, har da tiyata idan haihuwar ta zo da gardama, sannan a ci gaba da duba uwa da jariri zuwa kwana 42. Wanda ya taɓa sayar da rago ko babur saboda kuɗin tiyatar haihuwa ya san jaka shida ba komai ba ce.

Sai dai ba kowane asibiti ke karɓarta ba, sai wanda aka tantance aka sa cikin shirin. Saboda haka tun a bakin tagar biyan kuɗi, kafin a buɗe miki kati, ki tambaya: “Ana karɓar shek a nan?” Ki kuma tambayi inda suke tura mace idan abu ya fi ƙarfinsu. Takardar turawa tana da muhimmanci, ita ke nuna wa asibitin gaba cewa ta hanyar shirin kika zo. A ganina babbar asara ita ce jinkiri. Wadda ta jira sai naƙuda ta kama ta sannan maigida ya fara neman shek, ta yi asarar awon da aka tanadar mata, awon kuwa shi ke gano hawan jini da ƙarancin jini tun ba su yi nisa ba.

Ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, ba a biyan kuɗin ganin likita a asibitocin gwamnati, haka maganin zazzaɓin cizon sauro da allurar rigakafi. Amma ba kowane magani aka ɗauke ba. Idan ciwon wani daban ne, ko maganin ya ƙare a ɗakin magani, za a rubuto takarda a je a saya. Masu wankin ƙoda kuwa sefa 15,000 suke biya a shekara.

Ranar zuwa rajistar CSU a riƙe katin ɗan ƙasa, takardar haihuwar yaro da katin rigakafinsa. Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasit. Idan an nemi kuɗi kan abin da shek ya riga ya ɗauke, a nemi shugaban asibitin, in bai warware ba a kai maganar ofishin gundumar lafiya.