Yadda gwajin Trovan a Kano ya sauya ƙa'idojin binciken lafiya a Najeriya

A shekarar 1996, lokacin da annobar sanƙarau ta addabi Arewa, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sanya cikin gwajin, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a shaida musu cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta, ya ɗora alhakin mace-macen kan cutar. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar da aka gabatar, sai bayan gwajin aka rubuta ta. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

Wannan lamari na cikin dalilan da suka sa Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya a 2007, Dokar Lafiya ta 2014 kuma ta ƙarfafa shi. Yanzu sai kwamitin tantancewa, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya amince kafin a fara bincike, sannan a yi wa mutum bayani da harshen da yake ji.

A Borno lamarin ya fi sarƙaƙiya. Uwar da rikici ya raba da muhallinta, wadda a hannun ma'aikacin lafiya ɗanta ke samun magani kyauta, da wuya ta iya ce masa a'a, ko da doka ta ba ta wannan 'yanci.